Falon Alhaji a Arkilla: takardu uku da aikin da ya tsaya

Gidan yana Arkilla, cikin unguwannin da suka cika bayan mutane sun fara fita daga tsohon garin Sakkwato. Mai gidan tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, ya zuba kuɗin sallamarsa a bulo da siminti har gini ya kai rufi, aka yi filasta, aka kafa ƙofofi da tagogi. Saura abin da ma'aikata ke kira finishin, wato silin da tayil da fenti da fitilu da aikin kafinta. Ɗansa da ke aiki a Abuja ya ɗauki nauyin falo da ɗakuna biyu, ya nemo wata matashiya 'yar garin da ta karanta zanen gine-gine, take kuma sana'ar tsara cikin gida. An ƙulla magana a watan Fabrairu da niyyar a tare kafin damina, aka biya rabin kuɗi kafin alƙalami. Afrilu bai kama ba aiki ya tsaya cik. Alhaji ya kulle gida ya sa makulli a aljihu, ya ce babu wanda zai sake shiga sai an yi masa bayani.

Duba gini da lissafin kaya shi ne aikina, dangin kuma sun san ni, shi ya sa aka kira ni. Na nemi takardu aka kawo guda uku: hoton falo da aka zana a kwamfuta, wanda ake kira tiridi, zanen ƙasa mai nuna ɗakin kamar an cire rufi ana kallonsa daga sama, sai koteshan, takardar da aka jera aiki da farashi. Na duba su a tsanake ban ga ha'inci ba. Lissafin yarinyar daidai yake, kayan da ta sayo suna nan a jibge. Amma mutum huɗu ne ke da ruwa da tsaki a aikin, uku daga cikinsu kowa takarda ɗaya ya riƙe. Ɗan ya karanta koteshan a waya, Alhaji hoto ya kalla, mai zane da zanen ƙasa take aiki, Hajiya uwargida kuwa ba a nuna mata komai ba, sai dai ta ji an ce za a yi falo na zamani.

Abin da ya tayar da maganar bango ne. Wata safiya birkila ya zo da guduma ya fara fasa bangon da ke tsakanin falo da wurin cin abinci, wanda daga shi sai kicin. A zanen ƙasa an nuna wannan ɓangare da layi mai ɗigo-ɗigo, wanda a wajen masu zane ma'anarsa a rushe. Tsarin da ta yi shi ne buɗaɗɗen falo: ƙofar da faɗinta bai kai mita ɗaya ba za ta koma baka mai faɗin mita 3, ido ya wuce daga falo har ciki, ɗaki ya yi kamar ya ƙara girma. Ta fuskar ƙarfin gini babu haɗari, domin bangon na bulo inci 6 ne da aka yi don raba ɗaki, ba na inci 9 da ke ɗauke da nauyi ba, kuma ta tabbatar da haka kafin ta zana. Matsalar tana wani wurin. Da Hajiya ta zo ta ga ramin, ta tsaya inda kujerun baƙi za su zauna, ta leƙa ta hango murhu.

“Ɗiyata, yanzu in abokan Alhaji sunka zo, daga nan za su riƙa hange na ina tuƙin tuwo?”

Mai zanen ta ce, “Inna, haka aka amince a filan.”

“Wa ya amince? Ni dai ba a tambaye ni ba.”

Gaskiyar Hajiya ce, kuma a nan nake ganin babban giɓin aikin. Matakin farko a tsara cikin gida shi ne zaman jin buƙata, inda mai zane ke tambayar yadda ake rayuwa a gidan kafin ta ja layi ko ɗaya. An yi wannan zama, amma ta waya, da mutumin da ba a gidan zai zauna ba. Ya tura hotunan da ya gani a Instagram, ita kuma ta bi su. Da an zauna da Hajiya rabin sa'a da an san cewa baƙi maza ba sa yankewa a gidan, cewa akan shimfiɗa leda a ƙasa a ci abinci tare, cewa idan an yi baƙi da yawa a falon ake jam'in salla. Masu zane suna da abin da suke kira zirga-zirga, wato hanyar da ƙafa ke bi daga ƙofa zuwa kujera, daga kicin zuwa inda ake kai abinci, da inda ido ke sauka idan mutum ya shigo. Maginan gargajiya sun daɗe da warware wannan: daga zaure zuwa shigifa ba a jera ƙofofi a layi ɗaya, ana karkatar da su don kada wanda ke waje ya hango cikin gida. Duk wanda zai tsara falo a Sakkwato ya kamata wannan ya zama ma'auninsa na farko, kafin launi, kafin fitila.

Aka yanke a mayar da bangon, a bar ƙofar yadda take, a matsar da kujerar zaman mutum uku daga saitinta. Muka kuma bar fili a tsakiya babu tebur mai nauyi, yadda sahu zai miƙe. Alƙibla daga Sakkwato gabas take da ɗan karkata arewa, saboda haka bangon gabas aka bar shi wayam, talabijin ya koma bangon kudu.

Wannan sauyi shi ne abin da ke zuwa a takarda da sunan bariyeshan: duk canjin da aka yi bayan an amince da farashi. Yana da kuɗi, domin birkila zai dawo, za a sayi bulo da siminti, filastar wurin kuma sai ta bushe kafin a ɗora komai a kanta. Siminti yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake auna shi da shi, kuma a zafin Afrilu sai ana yayyafa masa ruwa, in ba haka ba ya bushe ta sama ya tsattsage. Mai zanen ta ɗauki kuɗin birkila a kanta, ɗan ya sayi kaya. An rubuta, kowa ya sa hannu.

Daga nan muka koma kan hoto. Alhaji ya buɗe shi a wayar jikarsa ya ce, “To ina kujerun da munka gani? Ina kafet, ina labule, ina wanga babban fitila da ke reto?” Babu ko ɗaya a koteshan. Hoton tiridi ana cika shi da kaya ne don a ga yadda ɗaki zai kasance idan an gama komai, ba alkawarin abin da za a kawo ba ne. A sana'ar ana raba kaya gida biyu: na girke, waɗanda ke manne da gini kamar silin da tayil da kabad na bango, da na ɗauka, waɗanda mutum zai iya lodawa a mota idan zai tashi. Farashin da aka ba su na kayan girke ne kawai. A ƙasan takardar akwai layi ɗaya da Turanci da ya faɗi haka, amma ɗan bai lura ba, Alhaji kuwa bai taɓa ganin takardar ba. Ban ɗora wa dattijon laifi ko kaɗan ba. Duk wanda aka nuna wa hoto aka faɗa masa farashi a zama ɗaya, zai ɗauka farashin hoton ne. Hakkin mai zane ne ta ɗora yatsa a kan kowane abu ta ce wannan yana ciki, wannan ba ya ciki.

Sai lissafin awo, inda zuciyar Alhaji ta fi ɓaci, domin a nan yake zargin an cuce shi. Ya ce ɗaki ɗaya ne, amma a layin tayil an rubuta 33, a layin sikiridin, wato shafen bango, 52, a layin sikatin 18. Wanne ne girman falon? Na ce a kawo tef, shi da kansa ya riƙe bakinsa. Tsawo mita 6, faɗi mita 5, ƙasa ke nan murabba'in mita 30. Ana ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 33. Tayil ɗin da aka zaɓa mai santimita 60 ne kowane gefe, huɗu a kwali, kwali ɗaya yana rufe murabba'in mita 1.44, saboda haka kwali 23. Bango kuma lissafinsa daban: kewayen ɗaki mita 22, tsayi mita 3, ya ba da 66. A cire ƙofofi biyu da tagogi uku, kimanin 9, saura 57. Ta rubuta 52 ne saboda ta cire wurin da za a rushe, yanzu da bango ya dawo ya koma 57. Sikatin kuwa, ɗan siririn tayil da ake bi da shi gindin bango don kada ruwan goge ɗaki da tsintsiya su ɓata fenti, ba a auna shi da murabba'i, da tsawo ake auna shi: kewaye a cire bakin ƙofofi, yanzu kusan mita 20. Daga jikin tayil ake yanko shi, ya ci kwali 2, jimla 25.

Alhaji ya ƙirga kwalayen da ke jingine a ɗaki da sandarsa, ya same su 25 cif. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Ashe hakanan ne.” Na nuna masa lambar da ke gefen kowane kwali, wadda ke nuna a wane gashin wuta tayil ɗin ya fito. Iri ɗaya daga gashi biyu yakan bambanta a launi kaɗan, ba a gani a shago sai an shimfiɗa. Dalilin da ya sa ta sayi duka a lokaci ɗaya ke nan, abin da shi ya ɗauka gaggawar kashe kuɗi ce.

Sikiridin ma sai da aka yi bayaninsa, domin Alhaji ya ce an riga an yi filasta, me ya sa za a biya shafe sau biyu. Filasta yashi ce da siminti, tana da kaushi. Sikiridin siririn shafe ne da ake bi a kanta, a goge da takardar yashi har bango ya yi sumul, fenti ya kwanta daidai kuma bango ya rage shan sa. Abin da ba ya yi shi ne miƙar da karkataccen bango. Mun ɗora dogon katako a bangon yamma muka ga ciki a tsakiya, aka ce birkila ya cike kafin mai sikiridin ya zo, in ba haka ba fitilar da za ta haska bangon daga sama ita za ta tona shi kowane dare.

Inda na fi daɗewa shi ne silin. An zaɓi POP, wanda ma'aikata ke kira fi'ofi, mai hawa biyu da lungu na ɓoye fitila. Alhaji ya ɗauka wani nau'in farin siminti ne, mai ƙarfi irin na kamfanin siminti na Kalambaina da ya gina gidan da shi. Ba haka ba ne. Fi'ofi daga dutsen jifsam ake yin sa, irin wanda ake samu a ƙasar Dange da Shuni. Ana gasa shi a zafin da ya kai wajen digiri 150 har yawancin ruwan jikinsa ya fita ya zama gari, idan aka kwaɓa da ruwa ya sake daskarewa cikin mintuna. Yana da kyau, yana karɓar kowace siffa, ba ya cin wuta, gara ba ta cin sa. Amma ba ya shiri da ruwa, kuma ba ya ɗaukar nauyi. Wannan gida an rufa shi da rani, kwanon bai taɓa ganin ruwan sama ba. Ruwan farko a Sakkwato da iska da ƙura yake zuwa, yana shiga ta inda ba a zata ba. Ɗigo kaɗan a wuri ɗaya ya isa ya bar tabo ruwan ƙasa, idan ya daɗe wurin ya yi laushi ya rufto. Na sa aka hau da tiyo aka jiƙa rufin, aka sami wuri biyu da ke yoyo a bakin indararo, aka gyara kafin a rufe.

Akwai abubuwa uku da dole su riga fi'ofi shiga, kuma a nan ne tsarin jeren aiki ke da muhimmanci. Wayarin na fitilu da na'urar sanyaya ɗaki sai an gama an gwada. Ƙugiyar fanka sai an ɗaure ta a ƙarfe ko katakon rufi, ba a jikin silin ba. Sannan a bar ƙofar shiga sama, ko da a lungun baranda ne, don ranar da waya za ta lalace kada a fasa ado. A zanen an sauko da gefen silin santimita 30, daga mita 3 ya koma 2.7. A gefe wannan ba komai, amma tsakiya na ce a bar shi a sama yadda yake. A garin da zafi ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, iska mai zafi sama take taruwa, kowane taƙi na tsayin ɗaki rahama ne, fanka kuma tana son sarari sama da ƙasa. Aka buɗe ramukan shan iska a bangon da ke ƙarƙashin kwano, aka sa musu raga saboda tsuntsaye da jemagu.

Kwanis, adon da ke bin kusurwar da bango ya haɗu da silin, shi ma da tsawo ake biyansa. Wanda ke hoton mai zane-zane ne da tsagi da yawa. Hajiya ce ta kashe maganar da tambaya ɗaya: wa zai hau ya share shi da hunturu? Duk wanda ya zauna a garin nan daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya san yadda ƙura ke shiga ko an rufe taga. Aka koma kan mai santsi, aka rage lungun ɓoye fitila zuwa bango biyu.

Fenti bai ɗauki lokaci ba da zarar an daina magana an shafa. A takarda an rubuta fentin satin, Alhaji ya ga ya fi emolshan ɗin da ya sani tsada. Bambancin shi ne emolshan marar sheƙi yana ɓoye aibin bango amma ba ya jure wanki, satin yana da ɗan sheƙi kuma ana goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, mai mai kuwa na ƙofofi ne da ƙarfe. Gida mai jikoki, falo da baranda satin ya dace da su, ɗakunan kwana emolshan ya wadatar, a nan aka rage kuɗi. Launin hoton toka ne mai duhu. Aka shafa samfur uku a bango, kowanne faɗin sallaya, aka ce su duba da hantsi, da la'asar, da kuma dare lokacin da babu wuta. Toka mai duhu ta sa ɗakin ya yi kamar magariba tun da rana, suka zaɓi ruwan madara. Bango murabba'in mita 57, shafi biyu, lita ɗaya tana rufe kimanin 8 zuwa 10, bokiti ɗaya mai lita 20 ya ishi falo har a rage na gyara.

A fitilu an sami saɓani tsakanin ɗa da uba. Ɗan yana son haske mai ɗumi, ruwan ɗorawa, irin wanda ake rubuta 3000K a kwalinsa. Alhaji yana karatun Alƙur'ani bayan asuba da bayan isha, idonsa kuma ya fara rauni, fari tas yake so, mai 6500K. Aka raba su a makunni biyu: farare a tsakiya da saitin inda yake zama, masu ɗumi a lungun silin. Ƙananan fitilun guda 12 ne masu wat 6, duka wat 72, abin da batirin sola na gidan zai riƙe ba wahala. Babbar fitila mai reto an haƙura da ita, domin wurinta fanka ta fi buƙatarsa.

Saura teburin talabijin da kabad. Kafinta ya rubuta HDF, wanda ya fi MDF matsewa da nauyi, amma dukansu garin katako ne da aka matse da gam, suna zuwa a falle mai ƙafa 4 da ƙafa 8. Idan ruwa ya shiga bakinsu sukan kumbura, ba sa komawa. A gidan da ake goge tayil da ruwa kullum, bai kamata su taɓa ƙasa ba. Aka rubuta a takarda cewa teburin a bango za a rataye shi, kabad kuma a ɗora shi kan ƙafafu, a rufe duk bakin da aka yanka da tef ɗinsa. Kauri milimita 18, shi ma an rubuta, domin kalmar HDF kaɗai ba ta hana a kawo mai 15.

Kuɗin kujeru babu shi, kuma ba a ƙirƙiro shi ba. Mai zanen ta je tsohon gidan ta duba kujerun da suke da su, ta ga katakonsu lafiyayye ne, ta kawo shawarar a sake musu soso da yadi. Ta ƙara da tumtum huɗu na jar fatar akuyar Sakkwato daga wurin dukawa, waɗanda suka dace da zaman ƙasa fiye da duk abin da ke cikin hoton. Labule aka auna faɗin kowace taga aka ninka biyu don ya yi tattara, aka sa masa shafi mai kauri ta baya a tagogin yamma saboda ranar la'asar.

Sabuwar takardar da aka rubuta shafi biyu ce, da Hausa. Kowane layi yana da sunan aiki, wurin da za a yi shi, awonsa, da samfurin da aka amince da shi. An yanki guntun tayil, guntun katako da ƙyallen labule an bar su a hannun Hajiya. Biyan kuɗi aka raba shi bisa matakin aiki, aka riƙe kashi 5 cikin 100 har sai an zagaya an rubuta ƙananan gyare-gyare an kammala su. Da aka zagaya an sami soket ɗaya a karkace, tayil biyu da ke ƙara idan an ƙwanƙwasa alamar babu siminti sosai a ƙarƙashinsu, da ƙofar kabad da ba ta rufuwa daidai. An gyara su cikin mako.

Sun tare a ƙarshen Mayu. Kuɗin da aka riƙe na silin Alhaji ya ce sai an ga ruwan Agusta, mai zanen ta yarda, aka rubuta ranar. Kabad na kicin an ɗage shi zuwa bayan damina, kuma zaman jin buƙatarsa da Hajiya za a yi, a cikin kicin ɗin.